Mai Turke da Fankishin Ɗinsa Guda

Shekararsa hamsin da takwas, yana da mata da 'ya'ya huɗu, da jika guda wadda bai taɓa gani ba sai a hoton waya. Shi ne mai kula da manhajar wani kamfanin wanki da guga da ke yi wa otal-otal da asibitoci aiki, kuma shi ya rubuta ta da hannunsa tun yana da baƙin gashi. A kamfanin, daga Manaja har mai gadi, Mai Turke suke kiransa. Ba ya jin haushin sunan, don shi ya jawo wa kansa.

Ofishinsa yana saman zauren guga. Daɓen ɗakin kullum da ɗumi, shi ya sa da ya zauna yake tuɓe takalmi ya shimfiɗa ƙafa. Tururi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da ƙamshin sabulu, duk takardar da ta kwana a kan teburinsa sai ta wayi gari a lanƙwashe. Daga nan sama manhajarsa take tafiyar da abin da ake yi a ƙasa. Ita ke sanin zanen gadon wane otal ne ya shigo, tawul ɗin wane asibiti ne ya bushe, ita ke buga 'yar takardar da ake liƙa wa kowane ƙunshi, ita ke faɗa wa direbobi inda za su kai. In ta tsaya, wanki ya tsaya. In ta yi tari, shi kaɗai ya san inda zai dafa mata. Akwai ranar da direban kamfani ya je ya ɗauko shi daga kujerar likitan haƙori, da auduga a baki, ya zo ya gyara ta da nuni da gurnani.

Saboda haka ne bai taɓa yin hutun kirki ba. Da babbar 'yarsa, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta haihu, ya kai takardar neman hutu. Manaja ya ce ba zai sa hannu ba sai ranar da wani mutum dabam ya iya shiga manhajar ya gyara abu ya fito lafiya, Mai Turke yana zaune bakinsa a rufe. Matarsa kuwa ta haɗa musu kaya a akwati ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki, inda dole ya tsallake shi safe da yamma. Ta gaya masa cewa jaririyar ta fara zama, nan gaba kaɗan za ta fara rarrafe, kuma in har yarinyar ta miƙe ta yi tafiya kafin kakanta ya ɗauke ta, to ita za ta tafi abinta, ranar dawowa kuma sai ya ji.

Wahalar shiga manhajar tana da dalili. Masu wannan sana'a ba sa rubuta umarni tsibi guda. Suna yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da sunanta da aikinta guda: wannan ta ƙirga tawul, waccan ta buga takarda. Ita wannan gunduwa suke kira fankishin. Ana buɗe ta da wata lanƙwasasshiyar alamar rubutu da ake kira baka, a rufe ta da 'yar'uwarta, duk abin da ke tsakani nata ne. Shi kuma edita, wato manhajar da ake rubutun a cikinta, yana da maɓallin da in an danna zai yi tsalle daga wannan fankishin zuwa na gaba, da wani maɓallin da zai zaɓi fankishin ɗin da kake ciki gaba ɗaya, ya shafe shi da shuɗi, ka kwafa ko ka goge. Kafin edita ya yi haka, sai ya san inda fankishin ya fara da inda ya ƙare, kuma ba duk editoci ne ke gane wannan ta hanya ɗaya ba.

Editan Mai Turke tsoho ne, baƙar fuska da koren rubutu, kuma dabararsa ba ta da zurfi. Ba ya karanta komai. Yana bin gefen hagu ne kawai yana duba harafin farko na kowane layi, duk inda ya ga baka mai buɗewa a tsaye a can bakin layi, sai ya ce ga farkon fankishin nan, ya tsaya. Mai Turke ya gano wannan tun yana saurayi. A lokacin manhajar fankishin guda ce 'yar ƙarama. Da kamfani ya samu sabon otal, maimakon ya yanka sabuwar gunduwa, sai ya ƙara layuka a cikin wadda take nan, don yana sauri. Da aka samu asibiti, ya ƙara. Da tsayin ya fara gajiyar da yatsansa, sai ya yi wayo: ya buɗe sharhi, wato irin layukan da mutum ke rubuta wa kansa tunatarwa kwamfuta ba ta kula su, ya dasa baka guda a bakin layi a cikin sharhin. Kwamfuta ba ta gan ta ba, amma edita ya gan ta, ya tsaya cak. Mai Turke ya ce ya kafa turke. Daga ranar, duk inda wani sabon aiki ya fara a cikin dogon fankishin ɗin, sai ya kafa turke. Yana danna maɓalli, yana sauka daga turke zuwa turke kamar mai saukowa daga bene a gidansu, ko fitila ba ya buƙata. A idonsa manhajar tana da ɗakuna da yawa a tsare. A gaskiya kuwa ɗaki ɗaya ne mai dubban layuka, babu bango ko guda.

An taɓa kawo masa abokin aiki shekarun baya. Editan wancan mutumin ƙirga baka yake yi: ya ga mai buɗewa ya ƙara ɗaya, ya ga mai rufewa ya rage ɗaya, in lissafi ya koma babu ya ce nan fankishin ya ƙare. Sai dai bai san bambancin sharhi da umarni ba, turakun kuma duk masu buɗewa ne, babu mai rufewa ko ɗaya. Editan ya yi ta ƙirga har ƙarshen rubutun lissafi bai dawo ba, ya shafe komai da ja. Mutumin ya yi sati yana kallon jan nan, sannan ya ce ya samu aiki a wajen surukinsa.

Wannan karon Manaja ya ɗauko wata injiniya, mace mai shekara arba'in da wani abu, uwar 'ya'ya uku, wadda ta yi aiki a manyan wurare kuma ta zaɓi kamfanin wankin don yana kusa da makarantar yaranta. Ba ta da yawan magana, amma hannunta a kan madannan kwamfuta kamar ana yayyafi. Tana kiransa Baba, yana kiranta Injiniya. Editanta na zamani ne, yana karanta rubutun gaba ɗaya kamar yadda kwamfuta ke karanta shi. Ya san wannan suna ne, wannan sharhi ne, wannan bakar ita ce abokiyar waccan. Turke bai dame shi ba, ko kallonsa ba ya yi. Ranar farko ta danna maɓallin tsalle zuwa fankishin na gaba, edita ya ɗauke ta daga layin farko ya jefar da ita a ƙarshen manhajar. Ta ɗauka kwamfutar ce ta rikice da tururi. Ta sake dannawa, haka. Ta juyo ta tambaye shi ina sauran. Ya ce mata duk suna nan, editanta ne ba ya gani, kuma shi dama bai yarda da kayan zamani ba.

Da yake akwatin bakin ƙofa yana cin masa rai, Mai Turke bai jira ta gama sanin hanya ba. Ya nuna mata wurare biyu uku da yatsa, ya sauka ya gaya wa Manaja cewa an shirya, a zo a yi gwaji. Manaja ya hawo da kofin shayinsa ya ba da aiki mai sauƙi: akwai wani otal da ya rufe tun bara, a cire ɓangaren da ke buga masa takarda. Injiniya ta nemo sunan otal ɗin, ta sauka a wurin. Ta san sarai cewa manhajar ɗaki ɗaya ce, an gaya mata, ta gani da idonta. Amma yatsunta sun shekara goma sha wani abu suna yin abu ɗaya in za su cire gunduwa, kuma ba su tsaya shawara da ita ba. Suka danna zaɓi fankishin, suka danna goge.

Fuskar kwamfutar ta yi shuɗi daga sama har ƙasa, sannan ta yi fari fat. Babu abin da ya rage sai 'yar alamar nan tana ƙyaftawa a kusurwa.

Abin bai fi ƙiftawar ido ba, domin nan take ta danna maɓallin dawo da baya, komai ya dawo, ko waƙafi bai ɓata ba. Amma Mai Turke ya riga ya ga aikin rayuwarsa ya ɓace. Ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a kan daɓen mai ɗumi. An ce takalmansa da ke gefe kawai yake kallo. Manaja ya kurɓi shayi, ya ce a bar maganar hutu tukuna, ya sauka.

A gida ya yi ƙoƙarin yi wa matarsa bayani. Ya ce laifin editan Injiniya ne, ba ya ganin turke. Matar tana ninke kaya, ba ta ɗago ba, ta tambaye shi ko akwai wanda ke ganin turakun nan ban da shi. Ya ce editansa yana gani. Ta ce to ya ɗauki editan su tafi ganin jika tare, ita ta samu abokiyar tafiya. Sannan ta miƙa masa waya. A hoton, jaririyar ta kifa ciki ta ɗaga ƙugu sama, alamar rarrafe ya kusa.

Washegari ya je ofis da shawara: Injiniya ta jefar da editanta ta koyi nasa. Ba ta yi musu ba. Ta zauna da tsohon editan yini guda, tana bin turakun ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta abin da ta gani. Da yamma ta juyo da kujerarta.

"Baba, turakunka suna inda ya kamata. Kusan duk inda ka kafa, nan aiki ya canza."

Ya gyara zama, ya ce ai shi ma abin da yake faɗa ke nan.

"Shi ya sa nake cewa mu gina bango a wurin. Kai ka riga ka shata fili, gini ne ba ka yi ba."

Ya ce manhajar ta shekara da shekaru tana aiki ba bango. Ta ce shi ma ya shekara da shekaru yana aiki ba hutu. Abin da ya sa ya yarda a ƙarshe ƙarami ne: ta yi masa alkawarin cewa kowane sabon fankishin za ta sa bakarsa mai buɗewa a bakin layi, inda tsohon editansa zai gan ta, ko da yake ita ba haka take rubutu ba kuma ta ce abin yana mata ciwon ido.

Ginin bangon ya zo da rigimar da duk mai raba tsohon gida ya sani, wato kayan da kowa ke amfani da su. A cikin manhaja akwai ƙananan ma'ajiyai masu suna, inda ake ajiye lamba a ɗauko ta gaba. Da yake ɗakin Mai Turke ɗaya ne, duk ma'ajiyar da ya buɗe a sama tana iya kaiwa har ƙasa, shi kuma mutum ne mai tattali, ba ya son buɗe sabuwa alhali ga tsohuwa. Akwai wadda ya raɗa wa suna "abu". Akwai "wani abu". Akwai wadda ya kira "wancan", wadda a sama take riƙe da lambar otal, a tsakiya ta koma adadin tawul, can ƙasa kuma ta zama lambar mota. Injiniya ta tambaye shi me "wancan" take nufi. Ya ce ya danganta da inda kike tsaye. Ta cire gilashinta ta goge, ta mayar.

Haka suka yi ta yi, shi yana tuno abin da ya sa ya rubuta kowane layi, ita tana yanka tana raɗa suna. Wani lokaci yakan tsaya a kan wani turke ya ba ta labarin shekarar da aka kafa shi, da injin da ya ƙone a lokacin, da manajan da ya gabata mai tsoron kyankyaso. Takan saurara har ya gama, sannan ta tambaye shi ko za a iya yankawa. Sau ɗaya suka yi tuntuɓe. Sun gina bango a tsakanin wurin da "wancan" take ɗaukar lambar mota da wurin da ake karanta ta, ba su lura ba, sai lambar ta tsaya a bayan bango. Da safe wani otal mai tsada ya buɗe ƙunshinsa ya tarar da korayen rigunan ɗakin tiyata, asibiti kuma ya samu fararen mayafan teburin cin abinci masu ado a gefe. Babbar nas ta aiko direba da saƙon cewa mayafan sun yi kyau, amma likita ya ce ba zai iya shiga cikinsu ba. Mai Turke ya ce ga irin abin da bango ke jawowa. Injiniya ta ce ga irin abin da "wancan" ke jawowa. Suka gyara kafin azahar, kowa yana ganin shi ne da gaskiya.

Wani abu da bai faɗa wa kowa ba sai daga baya shi ne, tsohon editansa bai lura an yi wani canji ba. Yana danna maɓalli, yana tsayawa a wuraren da ya saba tsayawa, domin baka tana nan a bakin layi kamar da. Wannan ya ɗan ba shi haushi. Ya so a ce editan ya nuna alamar kewa.

Ranar gwaji na biyu matarsa ta biyo shi ofis. Ba ta taɓa hawa benen ba, ta shigo tana fifita da gefen mayafi, ta ce yanzu ta gane abin da ya sa rigunansa ba sa buƙatar guga. Ta jawo kujera ta zauna dab da shi, ta ce wa Manaja ita ce za ta riƙe bakin. Manaja ya ba da aiki: wani asibiti ya buɗe sabon reshe, a raba masa takarda, a cire tsohuwar hanyar da ake haɗe su.

Injiniya ta danna maɓallin tsalle. Edita ya sauka a fankishin na gaba, ba a ƙarshen duniya ba. Ta danna, ta danna, tana wucewa. Mai Turke ya ga ta wuce wani wuri da shi a ganinsa nan ya kamata ta fara dubawa. Ya ja numfashi, ya ɗaga yatsa. Matarsa ta kama yatsan ta mayar masa a kan gwiwa, ta bar hannunta a kai.

"Baban yara, tari ma ban yarda ba."

Injiniya ta isa inda take nema ta wata hanyar da ba tasa ba. Ta danna zaɓi fankishin. Mai Turke ya rufe ido. Da ya buɗe, shuɗin ya tsaya a 'yan layukan da ba su kai tsawon tafin hannu ba, sama da ƙasa duk suna nan lafiya. Ta goge, ta rubuta sabo, ta buga takardar gwaji ta miƙa wa Manaja. Manaja ya karanta, ya juya bayanta ya duba kamar akwai wani abu a can, sannan ya ciro biro ya sa hannu a takardar hutun, wadda ta daɗe a tire har ta lanƙwashe.

Sun isa garin 'yar tasu yarinyar tana rarrafe, ta fara kama ƙafar kujera tana miƙewa, amma ba ta saki ba tukuna. Da aka ɗora masa ita a cinya ta dube shi da kyau, ta cire masa gilashi ta sa a baki. Ya ce yarinyar tana da basira. Kwanakin farko ya yi su yana barci da rana, yana bin ta a ƙasa da gwiwoyinsa masu ƙara, yana ba surukinsa labarin injinan wanki ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Daga baya 'yarsa ta lura yana yawan ciro waya daga aljihu ya duba ya mayar. Ya tambayi surukin ko unguwar tasu tana da matsalar sabis. Surukin ya ce lafiya lau take. Ya ba shi wayar ya duba ko wani abu ya taɓu, surukin ya duba ya ce komai daidai, kira ne kawai bai shigo ba. Mai Turke ya ce abin da mamaki, domin yau kwana da kwanaki ke nan, kuma shi ya san halin manhajar nan.

Rannan da hantsi ya fita baranda ya kira ofis. Injiniya ta ɗauka, ta gaishe shi, ta tambayi jika da Mama, ta ce aiki lafiya, har ta ƙara wani otal da kanta. Ya ce madalla, dama ya kira ne don ya ji ko layinsu yana aiki, ko za ta taimaka ta kira shi yanzu a gwada nasa. Ta ce to, Baba. Ya koma falo ya zauna a tsakiyar iyali, ya ɗora jikar a cinya, ya ajiye wayar a kan tebur. Da ta fara ƙara ya bar ta ta yi ta yi har kowa ya juyo, sannan ya girgiza kai, ya miƙa wa matarsa jikar, ya ɗauki wayar, ya ce da ƙarfi yadda har na kicin za su ji:

"Injiniya, me kuma ya lalace?"